IDAN JARI YA KARYE: YADDA AKE MAGANA DA MASU BIN BASHI

Ƴan uwa manoma da ƴan kasuwa, Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomi shina cin falle da damana, shi biya da kaka. Mai kanti shina ɗaukar shinkafa da sukari lamuni ga babban ɗan kasuwa. Mace tana ɗaukar kuɗɗi cikin asusun mata don ta yi sana'a. Duk wannan ba abin kunya ba ne. Da haka kasuwa ke ci.

Amma wata rana ruwa na iya ɗaukewa da wuri. Albasa na iya ruɓewa cikin rudu. Gobara na iya cin rumfa, ko iyaka ta rufe kaya su tsaya bisa hanya. Sai mutum shi wayi gari bashin da ke kansa ya fi abin da ke hannunsa. Ranar nan, abin da za shi faɗa ma masu binsa, da lokacin da za shi faɗa, su ne za su nuna ko za shi sake tashi ko kuwa ya faɗi ke nan.

MI AKE NUFI DA KARYEWA?

Ba duk mai bashi ne karyayye ba. Ga doka, ana cewa mutum ya kasa biya idan ranar biya ta zo, kuma kuɗɗin da ke hannunsa, da abin da za shi iya samu nan take, ba su kai bashin ba. Gona da gida dukiya ne, amma ba kuɗɗin hannu ba ne. Mutum na iya samun gona babba, kuma shi kasa biyan jika 50 ranar kasuwa.

Ga wani abu da ya kamata kowa shi riƙe. Idan masu bin bashi sunka ƙara maka lokaci, har kana iya biya bisa sabon alkawari, doka ba ta lissafa ka cikin waɗanda sunka kasa biya. Ke nan magana da wuri tana iya hana karyewa tun ba ta zo ba.

Malamanmu ma sun san wanga al'amari tun da daɗewa. Cikin littattafan fiƙihu na Malikiyya ana ce mishi taflisi, shi kuwa karyayyen ana ce mishi muflisi. Aya ta 280 cikin Suratul Baƙara ta yi horo da a saurara ma wanda ke cikin ƙunci. Aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo cikin Alƙur'ani, bisa rubuta bashi da kafa shaidu take magana.

KURAKURAI UKU DA KE ƁATA MAGANA

Na farko shi ne gudu. Mutum shi kashe tarho, shi ce ma yara su ce ba shi nan, ko shi bi dare shi tafi bariki. Bashi ba shi mutuwa don mai shi ya gudu. Masu bi za su koma kan matarsa, da tsohonsa, da wanda ya tsaya mishi. Kuma wanda da za shi yi haƙuri, yanzu ya ɗauka an yi niyyar cin haƙƙinsa.

Na biyu shi ne alkawarin ƙarya. Gobe, jibi, kasuwa mai zuwa. Mai bin bashi shina iya haƙurin wata shida idan ya san gaskiya. Ba shi iya haƙurin gobe sau shida. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na uku shi ne biyan wanda ya fi hayaniya. Mutum shi saida shanun noma shi ba mai zagi, shi bar mai kunya hannu wofi. Wasu kuma suna cin sabon bashi mai ruwa don su rufe tsohon. Wannan tona rami ne don a cike wani rami.

A FARA DA LISSAFI

Kamin ka buɗe baki ga kowa, ka ɗauki littafi da alƙalami. Ga amfanin yaƙi da jahilci. Idan hannunka bai faɗa ba tukuna, ka nemi malamin aji ko wani amintacce shi taimake ka.

Shafi na farko: sunan kowane mai binka, da garinsa, da yawan kuɗɗin, da ranar da ka karɓa, da ranar biya. Ka rubuta ko akwai takarda, ko akwai shaidu, ko ka ba da jingina, ko wani ya tsaya maka. Idan ka ɗauki kaya a Jibiya, ko Katsina, ko Kano, ka rubuta ko da naira anka yi ciniki ko da sefa, don canji ba shi tsayawa wuri guda.

Shafi na biyu: abin da ka mallaka. Kayan kanti, dabbobi, hatsi, amalanke, babur, gona.

Shafi na uku: waɗanda kai kake bi. Sau da yawa mai kanti shina karyewa ne don mutanen gari sun cinye jarinsa da bashi.

Kada ka sa kayan da ba naka ba. Awakin matarka nata ne. Ajiyar da anka ba ka amana ta mai ita ce. Haka kuma kada ka ɗauki naka ka ce na matarka ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

WA ZA A FARA FAƊA MA?

Ka fara da gidanka. Kada matarka ta ji labari bakin rijiya.

Sannan ka tafi wurin wanda ya tsaya maka. Idan ka kasa biya, shi za a bi. Haƙƙinsa ne shi ji daga bakinka, shi shirya. Haka yake ga waɗanda sunka ɗauki bashi cikin gungu, kowa ya tsaya ma kowa. Idan guda ya kasa, sauran ne za su biya, saboda haka a gaya musu da wuri.

Sannan masu bin bashi duka, cikin mako guda. Kada ka faɗa ma wani ka ɓoye ma wani. Kuma magana guda za ka faɗa ma kowa, don za su haɗu kasuwa su gwada abin da ka ce.

Ka tafi da ƙafarka, kada ka aiki yaro. Ka tafi da dattijo guda. Abu huɗu za ka faɗa: na yarda kana bina kaza, ga abin da ya same ni, ga abin da nike iya biya, ga ranar da za mu zauna da sauran. Kada ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka don a bar ka ka tashi. Idan jika 10 kake iyawa ga wata, ka ce jika 10.

Idan banki ne ko asusun ajiya da lamuni, maganar baki ba ta isa. Ka kai takarda, ka riƙe kwafi, su buga maka hatimi da kwanan wata. Ka roƙi su rubuta maka abin da ya rage: uwar kuɗɗi nawa, ruwa nawa, tara nawa. Ka je tun ranar biya ba ta wuce ba. Sake tsarin biya ya fi sauƙi ga wanda ya zo da kansa.

ZAMAN SULHU

Yawancin bashin ƙauye ba shi kai wa kotu. Ana gama shi zauren mai gari, ko gaban hakimi, ko liman, ko shugaban ƴan kasuwa. Dokar ƙasarmu ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhunta mutane, kuma suna rubuta takardar sulhu. Ka roƙi a tara masu binka rana guda, a karanta lissafinka gaban kowa.

Ga misali. A ce wani mai kanti ana binsa jika 800. Babban ɗan kasuwa shina binsa jika 400. Asusu jika 200. Maƙwabcinsa jika 120. Mai mota jika 80. Anka kimanta kayansa, sunka kama jika 400. Ke nan rabin bashin ne ke akwai.

Idan ya ba babban ɗan kasuwa jika 400, mutum uku sun tashi ba ko dala. Idan anka yi rabo bisa adalci, kowa za shi samu rabin nashi. Babban ɗan kasuwa jika 200. Asusu jika 100. Maƙwabci jika 60. Mai mota jika 40. Ku haɗa ku gani: jika 400 daidai. Irin wanga rabo ne fiƙihu ya sani, kuma shi ne kotu ke yi tsakanin masu bin da ba su riƙe da jingina. Wanda ke riƙe da jingina, da ma'aikacin da bai samu ladan aikinsa ba, suna gaba ga sauran.

Akwai wata hanya. Masu bi na iya cewa: kada a saida kayan, a bar shi shi ci gaba da ciniki, shi riƙa zuba jika 40 kowane wata. Cikin wata 20 kowa ya samu kuɗɗinsa cikakke. Sau da yawa wannan ya fi musu riba, amma ba za su yarda ba sai sun ga lissafi na gaskiya.

Duk abin da anka shirya, a rubuta. A sa kwanan wata, da yawan kuɗɗi, da ranakun biya. Kowa shi sa hannu ko shi dangwala yatsa, da shaidu biyu. Idan wani ya yafe wani abu, a rubuta abin da ya yafe. Kuma kowane biya da takardarsa. Idan ta gidan aika kuɗɗi ka biya, ka adana takardar. Idan ta tarho ne, kada ka shafe saƙon.

MISALIN WASIƘA

Ga wanda ke nesa, ana iya rubuta mishi kamar haka:

Daga ........ , garin ........ , ran ........ ga watan ........

Zuwa ga Alhaji ........

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina sanar da kai cewa na san kana bina jika ........ , kuɗɗin kayan da na ɗauka ran ........ . Ban manta ba, kuma ba ni musu. Asara ta same ni, ba zan iya biya ranar da munka yi alkawari ba. Akwai mutum ........ da ke bina, jimillar bashin jika ........ . Abin da ke hannuna ya kai jika ........ . Ina roƙon ka zo, ko ka aiko wakili, gidan mai garinmu ran ........ , mu zauna da sauran. Kamin ranar nan ba zan saida kome ba, kuma ba zan biya wani in bar wani ba. Allah shi bar zumunci.

Ka rubuta biyu, ka aika guda, ka ajiye guda.

IDAN TAKARDAR KOTU TA ZO

Wani mai bin bashi ba shi jiran sulhu. Shina iya zuwa ga alƙali shi samo takardar umurnin biya. Ma'aikacin shari'a da ake ce ma wisiye shi ke kawo ta. Kada ka ƙi karɓa, kada ka jefa ta cikin adaka. Ƙin karɓa ba shi tsaida kwanaki. Ka sa a karanta maka ita ranar nan.

Idan ba ka yarda da bashin ba, ko yawansa ba daidai ba ne, kana da ikon ƙalubalanta. Da can kwana 15 ne. Tun gyaran da anka yi ma dokar a 2023, kwana 10 ne. Idan sunka wuce ba ka motsa ba, takardar ta zama kamar hukunci.

Kamin a kama kayan mutum don a saida, ana kawo mishi gargaɗi na kwana 8. Bayan an kama, shina da wata guda shi nemi mai saye da kansa, don kayan gwanjo ba su daraja. Kuma doka ta keɓe kayan da iyali ba su iya rayuwa sai da su.

Alƙali shina da ikon jinkirta biya, ko shi rarraba shi kashi kashi, har tsawon shekara guda, idan ya duba halin mai bashi da bukatar mai bi. Wannan bai shafi kuɗɗin ciyar da iyali ba. Amma sai ka roƙa, kuma sai ka nuna hujja.

HANYAR KOTU GA WANDA YA KARYE

Nijar tana cikin ƙasashe 17 na Afirka da ke aiki da dokokin kasuwanci iri guda. Ƙungiyar sunanta OHADA, an kafa ta a 1993. Dokarta bisa karyewa an yi ta a 1998, anka sabunta ta a 2015. Tun sabuntawar nan, ba ƴan kasuwa kaɗai ta shafa ba. Ta haɗa da masu sana'ar hannu, da manoma, da duk mai aikin kansa, da ƙungiyoyi irin su koperatif. Ma'aikacin da ke karɓar albashi, wanda ya ci bashi don bukatar gida, ba shi ciki. Shi hanyarsa sulhu ce da roƙon jinkiri ga alƙali.

A Yamai akwai kotun kasuwanci. A Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, ana tambaya ga magatakardan babbar kotu.

Dokar ta buɗe ƙofa huɗu. Biyu na wanda ya ga wahala tafe amma bai kasa biya ba tukuna. Ta farko sulhu ce: shugaban kotu shi naɗa mai shiga tsakani har wata 3, ana iya ƙara wata guda, kuma cikin sirri ake yi. Ta biyu rigakafi ce: kotu ta tsaida masu bin bashi har wata 3, ana iya ƙara wata guda, don a shirya yadda za a biya.

Sauran biyu na wanda ya riga ya kasa ne. Idan akwai alamar sana'ar za ta tashi, ana bin hanyar farfaɗowa. Mai bashi shi kawo tsarin biya, masu bi su jefa ƙuri'a. Sai mafi yawansu sun yarda, kuma bashin waɗanda sunka yarda ya kai aƙalla rabin jimilla, sannan kotu ta tabbatar. Idan babu alamar tashi, sai a saida dukiya a raba. Ga ƙananan sana'o'i, waɗanda ma'aikatansu ba su wuce 20 ba, kuma cinikinsu na shekara bai wuce miliyan 50 na sefa ba, an yi hanya mai sauƙi.

Wanda ya kasa biya, doka ta ba shi kwana 30 shi kai kansa ga magatakardan kotu. Za a tambaye shi sunayen masu binsa, da inda suke, da yawan bashin, da jerin dukiyarsa. Kun ga littafin nan da munka ce a fara da shi, nan ma shi ne za shi yi aiki.

BAYAN AN BUƊE SHARI'A, ƘAƘA ZA A YI MAGANA?

Nan magana ta sake. Kotu tana naɗa wakili da ake ce ma sandik, da alƙali guda mai sa ido. Daga ranar nan, masu bin tsohon bashi ba su da ikon kai ƙara ɗai ɗai, ko su kama kaya. Kai ma ba ka da ikon ka biya wani a ɓoye, ko da ɗan uwanka ne.

Idan mai bi ya zo gida ko ya kira tarho, kada ka yi faɗa, kada ka yi sabon alkawari, kada ka sa hannu ga wata takarda. Ka gaishe shi, ka ce: magana tana hannun kotu, ga sunan wakilin, ka kai mishi takardunka. Ka rubuta ranar da ya zo da abin da ya ce, ka sanar da wakilin.

Akwai taimako guda da za ka yi ma masu binka. Ana buga labarin shari'ar sau biyu cikin jaridar sanarwa. Bayan bugu na biyu, suna da kwana 60 su kai shaidar bashinsu ga wakilin kotu. Wanda ke zaune wajen ƙasa, kamar ɗan kasuwar Kano ko Katsina, shina da kwana 90. Wanda ya makara shina iya rasa rabonsa. Mutanen ƙauye ba su ganin irin wagga jarida. Saboda haka ka aika musu, ka faɗa musu kwanakin. Wannan shi ke nuna ba ka da niyyar cuta.

A sani kuma, kotu tana waiwayen baya, har wata 18 kamin a buɗe shari'a. Idan cikin lokacin da ka kasa biya ka yi kyautar gona, ko ka saida kaya da arahar banza, ko ka biya bashin da ranarsa ba ta zo ba, ana iya warware shi. Rashin iya biya kaɗai ba laifin kaso ba ne. Amma ɓoye dukiya, da ɓata littafin lissafi, da ƙirƙiro bashin ƙarya don ɗan uwa shi samu rabo, waɗannan suna kai mutum gidan kaso.

GA MASU BIN BASHI

Ku ma akwai naku. Haƙƙinku ne a biya ku, amma doka ba ta ba kowa ikon shiga gidan wani shi kwance akuya ko shi ɗauki babur da ƙarfi ba. Zagi cikin kasuwa ba shi kawo dala. Wanda anka kunyata gaban ɗiyansa, gudu za shi yi, kuma kuɗɗinku sun tafi da shi. Idan mutum ya zo da ƙafarsa da lissafinsa, ku saurare shi. Ku nemi ganin littafin, ku nemi shaidu, ku nemi a rubuta. Kuma ku ma ku adana takardunku, don kotu da hujja take aiki.

Shi kuwa wanda anka yi ma sauƙi, kada shi manta. Idan Allah ya buɗa, shi koma shi biya abin da ya rage, sai abin da anka yafe mishi. Ɗan kasuwar da ya biya bayan ya karye, ba shi rasa mai ba shi kaya lamuni.

A TATTAUNA CIKIN AJI

Malaman yaƙi da jahilci, ku karanta wanga bayani da ɗalibanku, kuma ku yi waɗannan tambayoyi:

1. Ana bin mutum jika 600, kayansa sun kama jika 200. Wanda ke binsa jika 150, nawa za shi samu?

2. Don mi ya kamata a fara faɗa ma wanda ya tsaya ma mai bashi?

3. Kwana nawa mutum ke da shi idan anka kawo mishi takardar umurnin biya?

4. A garinku, gaban wa ake zaman sulhun bashi? Ana rubutawa?

Kowane ɗalibi shi gwada rubuta wasiƙar nan da hannunsa, kuma shi buɗe shafi cikin littafinsa don bashin da ake binsa da wanda shike bi. Idan kuna da tambaya bisa wanga batu, ku rubuto muna ta hannun malamin ajinku.